Rami Biyu a Jiratawa

Bara, da ruwan gulbi ya janye,
na sayar da keken ɗinkina,
na haƙa rami biyu bayan garkar Nomau,
taku shida-shida, zurfin ƙugu,
na shimfiɗa leda, na saki ruwa.

Ƴaƴan tarwaɗa na sawo cikin jarka,
kowanne bai kai ɗan ƙaramin yatsa ba.
Mai sayarwa, wani tsoho ɗan Madarunfa,
ya ce ɗari uku sun ishi rami guda.
Na yi dariya. Ni fa tela ne,
na saba fid da riga biyu daga yadin riga ɗaya.
Na zuba ɗari uku a na gabas don in kunyata shi,
dubu da ɗari biyu a na yamma,
na ce ai riba tana wurin yawa.

Sati uku ruwa bai ce uffan ba.
In na watsa abinci a na yamma
sai ya tafasa kamar tukunyar dambu,
in kira masu wucewa da kwandon tumatir
su tsaya su ga arziki yana rawa.

A wata na biyu ruwan ya sake fuska,
ya yi kore, ya yi kauri,
miyar kukar da ta kwana biyu ba ɗumame.
Warinsa ya riga ni isa hanya.
Da asuba na haska fitila,
na ga bakuna, bakuna, bakuna,
duk a sama, suna roƙon iska.
Na gabas kuwa shiru,
sai gashin baki ɗaya ya yanki ruwa ya nutse,
mai gida ne yana zaga ɗakinsa ba damuwa.

Na taɓa tsamo wani ƙato,
wutsiyar ƙanensa na leƙe daga bakinsa.
Ban zage shi ba.
Wa ya haɗa su tabarma ɗaya su goma?

Tsahara, ɗiyata, ta yagi bayan littafinta na lakwal,
kowace safiya kafin ta ɗauki jaka
takan ja sanda ɗaya ga kowane farin ciki da ya taso.
Farin ciki, haka muka koma kiran su,
don cikin ne fari, yana kallon sama.
Yau bakwai. Gobe sha tara.
Ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi, sittin da huɗu.
Shafi ya cika, ta juya,
biro ya ƙare bai ga ƙarshen mutuwa ba.

Wata shida. Na aro sikelin Hankurau mai albasa.
Na gabas, ɗari biyu da tamanin da ɗaya,
kowanne kamar damtsen maƙeri.
Na yamma, ɗari biyar da ƴan kai,
kai guduma, jiki tsinke,
fata duk tabon cizon ƴan'uwa.
Da aka tara nauyi, tazarar ba ta taka kara ta karya ba,
sai dai na gabas buhu huɗu ya ci,
na yamma tara, har da kuɗin akuyar Tsahara.
Lantana mai banda ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu,
ta ce, waɗannan, Malam, hayaƙi ma zai raina su,
ta kwashe na gabas ta nufi kasuwa.

Bana da ludayi nake ƙirga su,
ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa da ƙarfi.
A ɗari uku Tsahara ta riƙe mini hannu.
Na ce to.
Da ta tafi ɗebo ruwa na ƙara ashirin.
Ban gaya mata ba.
Tun ranar kuwa, kowace asuba,
ni ke riga ta zuwa bakin ramin da fitila,
ina duba ko wani ya juyo da cikinsa sama,
ina sauraren numfashin ruwa.